Nagoda, Badukun da Ya Farke Littattafan Bature

Nagoda Baduku ya haura shekara saba'in, matarsa ɗaya, haƙoransa na gaba sun tafi sun bar shi, kuma har yau bai iya karanta ko layi ɗaya na boko ba. Duk da haka, in ka tambayi dattawan Tudun Wada wa ya fara riƙe ɗakin karatu a layinsu, shi za su nuna maka. Wasu da girmamawa za su nuna shi, wasu suna danne dariya.

Bakano ne. Ya zo Zariya da ƙarfinsa, lokacin da ake shimfiɗa hanyar jirgi, da jakar kayan aiki a kafaɗa da matarsa Rakiya a baya. Bai sami wurin zama a cikin birni ba, sai ya kafa a Tudun Wada tare da sauran baƙi, ya gina zaure ɗaya mai faɗi da ɗaki biyu. Yana ɗinka kube da ragama da takalmi da laya. Amma abin da ya fi fitar da sunansa gafaka ce, jakar fatar nan da malamai ke sa littafi su rataye.

Ta nan ya san littafi. Littattafan malamai ba a ɗinke suke ba. Fallaye ne a jere, a tsakanin fata biyu masu tauri, a ɗaure da igiya. Ɗalibi ya zo ya zare falle biyu ko uku daga inda ya tsaya, wani ya zare na gaba, littafi ɗaya ya ciyar da zaure guda. Haka Nagoda ya ga ana yi tun yana yaro, bai kuwa taɓa jin an ce akwai wata hanya ba.

A shekarun da fara ta cinye gero, wani Bature mai kula da makarantu ya kawo masa gyaran sirdi. Mai Lofe ake ce masa, don ba a taɓa ganin bakinsa ba lofen taba a ciki ba. Yana jiran aiki sai ya ɗaga kai ya ga gafaka reras a rataye jikin azara.

Ya ce, "Baduku, gara ba ta cin waɗannan?"

Nagoda ya ce, "Ranka ya daɗe, gara ba ta iya lilo ba."

Kashegari aka kawo akwatin katako a kan lebura. Littattafai ne sababbi, na Hausa da rubutun boko, ba su kai talatin ba: na noman auduga, na kiwon lafiya, na lissafi, na labarun ƙasashe, da guda biyu na hikaya. Gara ta cinye rabin irinsu a sito, shi ya sa Mai Lofe yake neman inda zai ajiye sauran. Ya ce a tsare su, duk wanda ya iya karatu a ba shi ya karanta, kada kuma su ɓace. Ba da jimawa ba ya tafi hutu ƙasarsu, da ya dawo aka mai da shi wani lardi. Akwati ya zama maraya a zauren Nagoda.

Kafin akwatin nan, sunan mutumin Baduku, kuma daga bakin ƙofa ake ƙwala masa kira. Bayan akwatin, akawun reluwe da masinjan kotu da birkiloli suka fara yin sallama, su shigo, su zauna a tabarmarsa, su tambayi lafiyar iyali. Har aka fara ce masa Malam Nagoda. Rakiya ta ce a makon da aka fara kiransa haka, sau uku ya sa ta wanke masa riga. Tun daga nan babu abin da yake tsoro a duniya kamar a zo a ɗauke littattafan nan daga zaurensa.

Rigimar farko a kan hikaya aka yi ta. Maƙwabcinsa Kailani, tela ne Bazazzagi, abokin wasansa, ya ɗauki littafin hikaya ɗaya ya riƙe. Kailani ya yi ajin manya na yamma, amma karatunsa irin na mai tsince tsakuwa a shinkafa ne, da ɗan yatsa yake bi, yana motsa leɓe. Mutum biyar suna zaune suna jiransa. Wani birkila ya gaji ya kama gefen littafin, Kailani ya kama ɗaya gefen, aka fara ambaton iyaye.

Nagoda ya karɓi littafin ya juya shi. Ya ga zare a gindinsa. Ya ce, "Af! Ashe ɗinke shi suka yi. Wannan ai rowa ce. Littafi ɗaya, mutum ɗaya? Ko kwanon tuwo ba a yi masa haka."

Ya ɗauko wuƙar dukanci ya bi zaren, ya yanke fallayen ɗaya bayan ɗaya, ya raba wa kowa nasa. Kowa ya duƙufa. Kafin la'asar ya farke littattafan akwatin kaf, ya zuba kowane littafi a gafakarsa, ya rataye.

Da yamma Malam Kato ya shigo. Shi ma'aikacin ɗakin shan magani ne, Kirista, mutumin kudancin lardi, kuma duk layin babu wanda ya kai shi gudun karatu. Shi yakan karanta wa marasa boko da ƙarfi. Ya tsaya a ƙofa ya dubi bangwayen littattafai a jibge a kusurwa kamar ɓawon gyaɗa.

"Baba Nagoda, me ka yi?"

"Na kwance su. A ɗaure suke kamar masu laifi."

"Baba, na gwamnati ne fa."

"To gwamnati ta ce kada su ɓace. Ga su nan. Har ma sun ƙaru."

A gaskiya sun ƙaru. Inda a da masu iya riƙe littafi a lokaci ɗaya ba su kai talatin ba, yanzu layi guda kowa da abin karantawa a aljihu. Nagoda ya fara ba da aron fallaye a tafi da su gida, kamar yadda malamai ke yi. Ba ya rubuta sunan kowa, ya ce wanda zai gudu da falle ɗaya ai gidansa ba zai gudu ba. Larai ungozoma, wadda ta koyi boko a asibitin mishan, takan karɓi nata ta hannun Rakiya, ta karanta wa matan gidaje tana cikin aikinta. Wani akawu da aka yi wa canjin wuri ya bar masa littattafan Turanci huɗu da tsarin lokutan jirgi. Malam Kato ya riƙa kawo tsofaffin jaridu. Duk abin da ya shigo da zare, wuƙa ce sallamarsa.

Sai dai karatun ya zama wani iri. A kasuwa za ka ji mahauci yana tambayar mai gishiri, "Kai ne da ƙarshen labarin attajirin nan? Ya mutu ko bai mutu ba?" Mai gishiri ya ce shi dai a inda yake an riga an raba gado. Kailani sau uku yana samun tsakiyar hikaya ɗaya, ya rantse Bakano ne yake yi masa da gangan. Wani masinja ya karɓi falle daga littafin kiwon lafiya, ya karanta alamun ciwon hanta, ya ga duk yana da su, ya kwanta ya yi wasiyya. Maganin yana falle na gaba, fallen kuma yana Tudun Jukun wajen wani mai wanki. Sai da Malam Kato ya hau keke ya ɗauko shi sannan masinja ya tashi ya nemi tuwo.

Aka yi shekaru a haka. Ran nan Malam Kato ya zo da labari daga ofis. An kawo sabon Bature a gurbin Mai Lofe, ana ce masa Ƙi-Zama, don ko a gidan hakimi a tsaye yake gama maganarsa. Baturen ya ji an ce akwai akwatin littattafai a zauren wani baduku, zai zo ya gani da idonsa bayan Juma'a. In ya same su yadda aka bayar, su zauna. In ba haka ba, a kwashe.

Nagoda ya ce, "Yadda aka bayar, wato a ɗinke?"

"A ɗinke, Baba."

"To ɗinki ai sana'ata ce."

Ya ɗauki sanda ya shiga gidaje yana tattaro fallaye. Suka dawo da tambarin inda suka kwana: wannan da manja, wannan da jan goro, wannan da sawun gindin kasko. Fallen da ke da hoton jirgin ruwa an same shi a manne a bangon ɗakin wata amarya, sai da aka yi rarrashi. Tsarin lokutan jirgi kuwa bai dawo ba sam, mai tsire ya naɗe nama da shi.

Mafi wuya shi ne na Ɗantsoho ɗan dambe. Tun bara wani malami ya aiko da takarda a ninke a ɗinka wa Ɗantsoho laya. Yanzu da Nagoda ya ɗaga buzunsa yana neman fallaye, sai ga takardar malam a ƙarƙashi, a ninke yadda aka kawo ta. Wato abin da ya ɗinke a cikin layar wani abu ne dabam. Malam Kato ya duba littafin kiwon lafiya ya ce falle ɗaya ne babu, wanda ke bayanin yadda ake haƙa salga.

Suka sami Ɗantsoho a mahauta yana fiɗa. Nagoda ya yi masa bayani a hankali, ya miƙa masa takardar malam, ya ce zai ɗinka masa sabuwa da jar fata.

Ɗantsoho ya dafe damtsensa. "Baba, tun da na ɗaura wannan ban taɓa faɗuwa ba. Na kwantar da na Kwangila, na kwantar da na Hanwa."

"Ɗan nan, salga ce a ciki."

"Ko masai ne. Tana aiki."

"Bature zai zo."

"Ya zo ya shigo fage ya kwance ta."

Haka suka dawo hannu rabbana.

Saura ɗinki. Malam Kato ya ce a bari ya jera fallayen tukuna, domin kowane yana da lamba a ƙasa. Ya jera littafi biyu, sai aka aiko ana nemansa a ƙauye, sanƙarau ya ɓulla. Ya ce a jira shi. Nagoda bai jira ba. Kailani ya ce zai taimaka, ya ɗauki falle ɗaya ya fara bi da ɗan yatsa, Nagoda ya fizge.

"Kai, in na bi ta taka sai jikan Baturen ya zo ya same mu."

"To jera da kanka, Bakano. Ku da kuke sayar da jaki ku ce doki ne bai gama girma ba."

"Bazazzagi, tashi min daga kan fata."

Ya jera su da ido, irin yadda yake haɗa fata: masu tsawo ɗaya wuri ɗaya, masu launi ɗaya wuri ɗaya, masu hoto a raba su daidai kada wani littafi ya yi kishi. Ya jawo jar fatar akuya mafi kyau da yake da ita, ya yi wa kowane bango, ya zana masa ado da basilla. Rakiya ta ce ko lefenta bai sami irin wannan fata ba. Ya ɗinke su gam, ta hannun dama, yadda littafi yake buɗewa a wurin duk mutumin kirki da ya taɓa gani.

Ƙi-Zama ya zo da hantsi a kan babur. Layin ya cika, don labari ya riga shi isowa. Nagoda ya sa rigarsa ta salla, ya shimfiɗa sabuwar tabarma, ya aro kujera daga gidan mai unguwa. Bature ya dubi kujerar kamar ta zage shi, ya tsaya.

Ya ɗauki littafi ɗaya ya shafa bangon. Hausarsa irin ta makaranta ce, a tsaye take kamar shi. Ya ce, "Wannan aiki yana da kyau ƙwarai."

Nagoda ya ce, "Ranka ya daɗe, sai ma ka buɗe."

Bature ya gwada buɗewa ta inda ya saba, ya ci karo da ɗinki. Ya juya littafin, ya sake juyawa. Kailani ya matso ya ce, "Ta nan, ranka ya daɗe. Ya musulunta."

Da ya buɗe, sai ya fara karantawa da ƙarfi. Shafin farko ya ce a jiƙa irin auduga kafin a shuka. Ya juya falle, sai ga attajiri yana kuka a bakin teku. Ya sake juyawa, aka ce in mutum yana da awaki bakwai ya sayar da uku. Na gaba da Turanci yake, kuma a kife. Mutanen da ke waje suka fara gyaɗa kai, kowa yana gane fallensa. Wani ya ce, "Wannan a gidana ya yi damina." Kailani ya fita ya jingina da bango yana share hawaye.

Ƙi-Zama ya ɗauki na biyu, ya ɗauki na uku. Na huɗu yana cikin waɗanda Malam Kato ya jera, na kiwon lafiya, ya tafi daidai har inda ya ce yanzu za a yi bayanin haƙa salga, daga nan sai ya faɗa maganar ƙuda.

"Ina shafin nan?"

Nagoda ya ce, "Yana aiki, ranka ya daɗe."

Bature bai nemi ƙarin bayani ba. Ya ce, "Wane ne ya yanka littattafan gwamnati?"

"Ni ne. Mutane sun fi su yawa. Abinci in ya yi kaɗan ai rabawa ake yi."

"Littafi ba abinci ba ne."

Daga bayan katanga muryar Rakiya ta fito: "Na faɗa masa! Shekara nawa ina faɗa masa, ko sau ɗaya ba su ƙosar da gidan nan ba."

Ƙi-Zama ya fito ƙofar zaure ya dubi taron. Ya tambaya su wa suka taɓa karanta wani abu daga akwatin nan. Hannuwa suka tashi har ƙarshen layi, har da na Ɗantsoho. Ya daɗe yana kallonsu. Nagoda ya ɗauka sa'a ta juyo, ya fara gyara wuyan riga. Sai Bature ya ce mutane masu yawa haka sun cancanci ɗaki na sosai da littattafai masu kai da ƙafa, kuma za a yi musu. Amma waɗannan, yau za su bar zauren nan.

Nagoda ya ce, "Ranka ya daɗe, gara fa?"

Bature ya ce, "Gara ba ta da wuƙa."

Kafin azahar an ɗora akwati a kan jaki. Gafakun da babu komai a ciki suka rage suna lilo a azara. Washegari wani ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙwala kira, "Baduku! Ina ragamata?" Rakiya ta ce ranar bai ci abinci ba, ya ce miya ta yi gishiri, alhali ko ɗanɗanawa bai yi ba.

An cika alkawari, ko da yake sai da aka ɗauki lokaci. Aka gina ɗaki kusa da kasuwa, rufin kwano, daɓen siminti, da kabad mai gilashi da makulli. Aka sa wani akawu, Mika'ilu, ya riƙe. Sababbin littattafai suna zuwa a jirgi, jarida tana zuwa duk mako. Lokacin yaƙin duniya aka ƙara ɗaki na biyu da taswirar duniya a bango, inda tsofaffi ke zuwa su nemi ƙasar Bama su ga nisan da 'ya'yansu suka yi. Yanzu har benci shida ne, kuma ranar kasuwa ba sa isa. Littattafan jar fata suna nan a can ƙasan kabad. Mika'ilu ya ce ba ya hana kowa ɗauka, amma yakan yi wa mutum gargaɗi. Kailani har yanzu su yake nema, ya ce sauran littattafan tun daga farko ka san inda za su.

Nagoda ya rantse ba zai taka ɗakin ba, kuma bai taka ba. Ya yi wata da watanni a zaurensa shi kaɗai da fata. Daga baya ya ji Mika'ilu ya kafa doka, saboda siminti, kowa ya tuɓe takalmi a waje. Sai ya naɗe buzunsa ya koma gindin ceɗiyar da ke ƙofar ɗakin, ya zauna ya juya wa ginin baya. Duk takalmin da aka ajiye, ya jawo shi ya duba. In ya tsinke ya ɗinke, in bai tsinke ba ya ƙara masa ɗinki. Ba wanda ya sa shi. In mai takalmi ya fito, ba ya samun abinsa sai ya tsuguna ya faɗi abin da ya karanto a ciki, daga farko har inda ya tsaya. Wanda ya yi ƙoƙarin taƙaitawa, ƙafa ɗaya ake ba shi. Malam Kato, wanda yanzu shi ma ya yi furfura, yakan zo da tsohon takalmi musamman, ya ce ya fi sauƙi a kan a yi gardama.

Ranar Larabar da ta wuce, Mika'ilu ya kulle ɗaki da la'asar, ya fito ya miƙa hannu a ba shi takalminsa.

Nagoda ya ce, "Me ka karanta yau?"

"Baba, ni aiki nake yi a ciki. Ban karanta komai ba."

"Tun safe?"

"Tun safe."

Nagoda ya sa takalmin a jakarsa, ya naɗe buzu, ya tafi masallaci.